Golan Garinmu a Siton Khumra

Katunan 'yan ƙwallo nake tarawa, kuma ba na kowa ba, na masu tsaron gida kawai. Abin ya samo asali ne shekarar da na zo Jidda aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ba ni da kowa a garin lokacin. Daga asibiti sai ɗakina a unguwar Sharafiyya, daga ɗaki sai masallaci. Wata Juma'a bayan la'asar na shiga kanti sayen batir, sai na ga wasu 'yan fakitoci masu ƙyalli an jera su kusa da cingam. Na ɗauki ɗaya don in ga abin da ke ciki. Katuna ne masu ɗan kauri, gaba hoton ɗan wasa, baya ƙasarsa da tsawonsa da ƙungiyoyin da ya buga wa. A cikinsu akwai wani gola da aka ɗauka ya tashi sama ya miƙe, yatsunsa sun kusa taɓa ƙwallo. Na tsaya a bakin kantin ina kallonsa har mai kanti ya tambaye ni ko lafiya.

Kafin in yi aure na cika albam biyu. Matata haifaffiyar Jidda ce, iyayenta mutanen Damagaram ne da suka zo tun kafin a haife ta. Hausa take yi da ni, amma in ranta ya ɓaci ko abin dariya ya kama ta, Larabci ke riga Hausar fitowa. Ranar da muka tare a wani ɗan gida a hawa na uku a Aziziyya, ta ga na ware wa albam ɗin nan wuri na musamman a kabad, daidai inda sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke bugawa, sai ta riƙe haɓa.

"Malam, waɗannan kwalayen su ma ɗaki za mu kama musu?"

Na ce mata zafi na lanƙwasa su, laima kuma na sa su manne da juna. Ta ce to Allah ya ƙara musu lafiya. Tun daga ranar ba su da wani suna a gidanmu sai "kwalayenka".

Kantunan Jidda sababbin katuna suke sayarwa, na 'yan wasan da ake yayi. Tsofaffi kuwa sai daga waje. Akwai wani dandali a intanet inda masu irin ciwona ke haɗuwa, kowa ya ɗora hoton abin da yake da shi da abin da yake nema, a yi musaya. Ni abin da nake da shi mai daraja a wurinsu shi ne katunan 'yan wasan nan na Saudiyya, waɗanda ke musu wuyar samu a Turai. Sai in aika musu, su aiko mini da tsofaffin gololi. Musayar ba ta da wuya. Isowar kayan ita ce aiki.

Duk wanda ya taɓa jiran saƙo a garin nan ya san mandub, mai kawo kaya har gida. Ba ya wahalar da kansa neman gida, waya yake bugowa ya ce a tura masa lokeshan. In ka ɗauka ka tsira. In ba ka ɗauka ba ya wuce, sai dai ka ga an rubuta maka cewa an neme ka ba a same ka ba. Ni kuma a wurin aikinmu wayar kowa a loka take zama, don ba a shiga da ita inda ake taɓa jinin mutane. Sau da yawa nakan fito hutun azahar in tarar da kira ɗaya tak, in bi lambar a ce a kashe take. Akwai fakitin da ya yi ta yawo tsakanin Riyad da Jidda har na daina dubawa, sai ga shi ya zo bayan na manta wanda ya aiko. Akwai wanda aka bar wa mai gadin benenmu, shi kuma ya ajiye a kan tagarsa rana ta yi ta dukansa, katunan suka fito a nannaɗe kamar busasshen ganye. Akwai wanda har yau ban san inda ya shiga ba. Na saba. Nakan yi tsaki, in ce Allah ya mayar da alheri, in nemi wani.

Amma akwai kati guda da ban shirya yin haƙurinsa ba.

Muna yara a garinmu, can ƙasar Katsina, akwai wani dogon mutum siriri da ke tsare wa ƙungiyar gari gida. Ɗan unguwarmu ne, gidansu na bayan injin niƙa. Da hular hana-salla yake shiga raga, kuma duk nutson da zai yi, yana tashi abin da zai fara yi shi ne gyara hula. Mukan haura katangar fili mu zauna a bayan ragarsa don kawai mu ji yadda yake yi wa 'yan bayansa tsawa. Daga baya aka ce ya tafi Legas, daga Legas aka ce Turai. Ya buga wa wata ƙaramar ƙungiya a Beljiyam na ɗan lokaci, gwiwa ta matsa masa, ya dawo gida ya kama sayar da taki har Allah ya yi masa rasuwa.

Na daɗe ina zargin an taɓa buga katinsa, don na ga katunan ƙungiyoyin da ba su ma kai tasa ba. Na rubuta a dandalin, na faɗi ƙungiyar, na kwatanta kamanninsa. Shiru, har shekara ta zagayo. Sai wata safiya ina shan shayi kafin in fita aiki, saƙo ya shigo daga wani dattijo ɗan Beljiyam, tsohon direban jirgin ƙasa. Hoto kawai ya turo, da alamar tambaya. Na buɗe. Ga shi nan, sanye da riga ruwan ɗorawa mai dogon hannu, ya tsuguna da ƙwallo a gabansa, ga hular nan a kansa. Shayi ya zube mini a wando ban ji zafinsa ba.

"Hajiya! Zo ki gani!"

Matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, a tsorace. Na miƙa mata wayar. Ta duba, ta dube ni.

"Wannan ne ya sa ka yi ihu kamar an yi gobara? Wallahi na ɗauka mutuwa aka yi."

"Ɗan unguwarmu ne. Na sha ɗauko masa ƙwallo a bayan raga."

Ta sake duban hoton, wannan karon ta ɗan jima. "Miskin," ta ce, "ji yadda sanyi ya kama shi." Ta koma kan girkinta.

Dattijon bai nemi wani abu mai yawa ba, katunan 'yan wasan nan yake so ya ba jikarsa. Na zaɓo masu kyau, na sa kowanne a rigarsa ta roba, na haɗa da ɗan kwalin dabino na aika. Shi ma ya sa nawa a gidan wayarsu, ya turo mini lambar da zan riƙa bibiyar kayan da ita. Abin da na aika bai yi wani daɗewa ba ya isa. Ya turo hoton jikar tana dariya, katuna a baje a gabanta, dabino an ci rabi. Nawa kuwa ya baro Turai lafiya, ya sauka Jidda lafiya, ya shiga kwastan, sai ya nemi wuri ya zauna.

Na zama mutumin da ke duba waya kafin ya wanke ido. In na buɗe, magana ɗaya ce, wai yana wurin tantancewa. Da rana haka, da yamma haka. Abokan aikina 'yan Indiya da 'yan Filifin duk sun gane, in na dawo daga loka fuska a murtuke sai su ce, "Bai zo ba?" Har wani likita ɗan Masar da ban taɓa hira da shi ba ya tare ni a lif ya ce ya ji an riƙe mini kaya, ko magani ne? Na ce masa a'a, wata takarda ce mai muhimmanci. Ya yi mini addu'a da gaske, har da ɗaga hannu.

Da katin ya fito daga kwastan aka miƙa shi ga wani kamfanin rarraba kaya, sai na ce to an zo gangara. Washegari ina cikin aiki mandub ya bugo, kira ɗaya. Na fito na tarar an rubuta wai mai kaya bai amsa ba. Na kira ofishinsu, wata mace mai daɗin murya ta ba ni haƙuri ta ce bukra, in sha Allah, wato gobe. Na ba ta lambar matata, na ce ita kullum tana gida, ɗinkin abaya take yi, wayarta na gefen keke. Ta ce ta rubuta. Goben ta zo, ni aka sake kira ina tsakiyar aiki. Na sake bugawa, wata muryar daban, ita ma mai daɗi, ta ce ba ta ga wata lamba ta biyu ba, amma yanzu ta rubuta. Haka muka yi ta yi. Kullum sabuwar murya, kullum in faro labarin daga farko da guntun Larabcina, su kuma su ce ma'alesh, wato in yi haƙuri.

Da abin ya ishe ni na roƙi shugabarmu hutun yini guda, ranar da suka tabbatar mini za a kawo. Ranar ce kuma surukata ta gayyace mu cin abincin rana a Sharafiyya, don ƙanwarta ta zo Umra daga Nijar. Matata ta ƙosa ta ga wannan khalar tata, rabon su da haɗuwa tun tana yarinya. Na lallashe ta na ce da an kawo za mu tafi, ai ba zai wuce hantsi ba. Ta shirya tsaf, ta zauna a falo da jaka a cinya. Ni kuma na ƙure ƙarar wayata na ajiye ta a tsakiyar tebur, in zan shiga banɗaki sai na ce ta sa mata ido. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, a gida na yi salla don kada in fita a zo. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai na leƙa ta taga. Surukata ta bugo wa 'yarta ta ce shinkafa fa ta huce. La'asar sakaliya wayata ta yi ƙara, amma ba kira ba ne, saƙo ne. An rubuta cewa an zo, an kira, mai kaya bai amsa ba, kuma tunda an gwada iya gwadawa, za a mayar da kayan inda suka fito.

Na ajiye wayar. Abin da nake hangowa kawai shi ne katin nan ya sake hawa jirgi, wataƙila ya ɓace a hanya, shi ke nan. Matata ta ɗauki wayar ta karanta da kanta. Na ga hancinta ya buɗe.

"An kira? Wa aka kira? Ni da na zauna nan tun safe kamar an dasa ni, na rasa ganin khalata, a ce an kira? Kazzab! Wallahi ƙarya yake yi."

"Bari, Hajiya, gobe zan sake buga musu."

"Ka buga ka ce me? Ka yi ta roƙo kana cewa min fadlak, min fadlak, su ce maka bukra? Ba ni lambar."

Ban taɓa jin ta yi Larabci irin na ranar ba. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ma ɗaga murya sosai ba, amma maganar na fita kamar kekenta in ta taka shi da gaske. Muryar farko ta miƙa ta ga ta biyu, ta biyu ta miƙa ta ga wani namiji. Ta ce masa ba haƙuri ta kira a ba ta ba, wuri take tambaya, kayan nan yanzu haka a ina suke kwance? Ya yi 'yan kame-kame, daga ƙarshe ya ce duk abin da za a mayar ana tara shi a babban sitonsu na Khumra, amma ba a ba mutane kaya a can. Ta ce ta gode, ta kashe.

"Ka gaya wa shugabarku gobe ma kana da uzuri. Khumra za mu."

"Ya ce fa ba a bayarwa a can."

"Na ji shi."

Ita ta ja motar. Tun da ta samu lasisi, in hanya mai nisa ce ba ta bar mini sitiyari, wai ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka bar Aziziyya da hantsi muka miƙa kudu. Gidaje suka yi ta raguwa, manyan motoci suka yi ta ƙaruwa, har muka zama mu kaɗai ne ƙaramar mota a tsakanin tireloli. Khumra duk situna ne masu kama da juna, dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe, sai garejin gyaran motoci, sai gidajen leburori da shanya a kan tagogi. Lokeshan ɗin da muka bi ya kai mu wani fili da babu komai sai tsofaffin tayoyi. Muka tambayi wani mai shagon shayi ya nuna gabas, muka tambayi wani direba ya nuna yamma. Muna cikin zagaye sai ga wata farar mota mai tambarin kamfanin ta wuce. Matata ta ce, "Yalla, mu je," ta bi bayanta har ƙofar siton.

Mai gadi ya tare mu, ya ce nan ba wurin masu karɓar kaya ba ne, mu koma ofishinsu na cikin gari. Matata ta sauke gilashi ta ce ofishin ne ya ce kayanmu na nan. Ya ce sai dai mu ga mushrif, wato mai kula da siton, shi kuma ba ya ganin baƙi. Ana cikin haka aka kira azahar daga ciki. Na ce wa mai gadin, to salla fa, ita ma ba a barin baƙo? Ya yi dariya ya buɗe mini ƙaramar ƙofa. Matata ta ce in je, tana nan a mota.

A wani lungu na siton suka shimfiɗa dardumai, tsakanin tulin kwalaye da suka kusa taɓa rufi. Wurin da zafi kamar gidan burodi, manyan fankoki sai hura iska mai ɗumi suke yi. Na shiga sahu tsakanin wani Bangali da wani Basudane. Da aka sallame na tambayi na kusa da ni wane ne mushrif, ya nuna mini wanda ya ja sallar, wani mai furfura a gemu da tabarau rataye a wuya. Na tare shi wurin takalma, na gaishe shi, na fara bayani, sai Larabcin ya watse mini. Ya saurara da haƙuri, sannan ya tambaya ko akwai wanda zai fassara. Na ce iyalina na waje.

Ya fito da kansa, ya sa aka ba ta kujera a ɗan ofishin mai gadi. Ta zayyana masa komai, tun daga kiran farko har zaman da muka yi jiya. Ya karɓi lambar kayan ya aiki wani ma'aikaci, muka zauna jira. An jima mutumin ya dawo hannu wofi ya ce babu. Mushrif ya duba kwamfuta, ya ce a je a kwance buhunan da aka riga aka ɗaure don motar yamma. Aka sake jimawa, har na daina kallon ƙofa. Sai ga ma'aikacin da wata 'yar ambulan ruwan ƙasa, an manna mata jajayen takardu har sun kusa rufe tambarin gidan wayar Beljiyam.

Na miƙa hannu. Mushrif ya ce, "Iƙama." Na ba shi katina na izinin zama. Ya sa tabarau, ya dubi iƙamar, ya dubi ambulan, ya girgiza kai.

"Ya ustaz, wannan ba sunanka ba ne."

Ya juyo mini da ita. Ashe da na tura wa dattijon adireshi, unguwa da lambar bene da lambar waya kawai na rubuta. Shi kuma bawan Allah ya ɗauki laƙabin da nake amfani da shi a dandali, ya zaci shi aka raɗa mini, ya rangaɗa shi da manyan baƙaƙe: GOLAN BENCI. Laƙabin tun na sakandare ne, lokacin da nake gola na biyu, ba a sa ni wasa sai ran da babban golanmu ya tashi da zazzaɓi.

Matata ta karanta, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Mushrif ya tambaye ta ma'anarsa, ta fassara masa, mai gadi ya fashe da dariya. Shi ma mushrif ya murmusa, amma ya ce ba shi da ikon ba da kaya ga wanda sunansa bai yi daidai ba. Sai dai mai aikowa ya rubuto a gyara, kafin nan kuma kayan sun bi motar yamma.

Na shiga laluben hirarmu da dattijon a waya don in nuna masa, dandalin kuma ya ƙi buɗewa. Matata ta daina dariya, ta sa yatsa a ƙasan ambulan.

"Ya ammi, ga lambar waya nan a rubuce. Ita ce mutanenku suka ce sun yi ta kira ba a ɗauka, ko ba haka ba? To kira ta yanzu mu gani."

Ya dube ta ta saman tabarau. Ya jawo wayar tebur, ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya yana karantawa a fili. Sai wayar da ke hannuna ta ɗauki ƙara da dukkan ƙarfinta, don tun jiya ban rage ta ba. Na bar ta ta ɗan yi. Sannan na kara a kunne, ina kallon idonsa, na ce, "Na'am, mai kaya ne. Ina jin ka."

Dariyar da ya yi sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya ce, "Halas, halas, shi ke nan." Ya ɗauki hoton iƙamata, ya sa na sa hannu, ya miƙo mini ambulan. Sannan ya ce yana da roƙo ɗaya, a buɗe a gabansa, yana so ya ga abin da ya taso mutum da iyalinsa tun daga Aziziyya cikin wannan rana.

Mai gadi ya ba ni reza na yanke bakin a hankali. Dattijon ya san abin da yake yi, kwali biyu masu kauri ya haɗa ya naɗe da tef, a tsakiya ga rigar roba mai tauri. Na zaro. Ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Ga golanmu nan, ya fi yadda yake a waya fitowa, har ana ganin laka a gwiwarsa da ɗan gibin haƙorinsa da na manta yana da shi. A baya an yi kuskuren harafi ɗaya a sunansa, amma sunan garinmu an rubuta shi daidai. Ban san lokacin da kabbara ta fita daga bakina ba.

Mushrif ya karɓa ya juya gaba da baya. "Shi ke nan? Kati ɗaya?"

Kafin in buɗe baki matata ta amsa. "Ɗan unguwarsu ne, kuma ya rasu. Shekara da shekaru mijina na neman wannan katin."

Mutumin ya ce Allah ya jiƙansa, ya mayar mini da shi a hankali fiye da yadda ya karɓa. Ya ce zai bincika wanda ya rubuta an kira alhali ba a kira ba. Ko ya bincika ko bai bincika ba ban sani ba, na dai san tun daga lokacin duk mandub ɗin kamfanin da ya zo layinmu sai ya hau har hawa na uku ya danna ƙararrawa.

A mota na ɗora katin a cinya, na ɗauki hotonsa gaba da baya na tura wa yayana a gida. Matata na tuƙi tana maimaita "Na'am, mai kaya ne" da irin muryata, tana buga sitiyari tana dariya. Da muka shigo gari na ga ba hanyar Aziziyya ta ɗauka ba. Ta ce khala tana nan sai jibi, kuma ita yunwa take ji.

Muka tarar da su a Sharafiyya sun shimfiɗa ledar cin abinci. Aka rungume juna, aka yi koke-koke, aka yi mana faɗan rashin zuwa jiya. Matata ba ta bari an gama faɗan ba ta miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki ta ba da labarin, rabi Hausa rabi Larabci, ita ce mai gadi, ita ce mushrif, ita ce ni ina laluben waya. Surukina, tsohon ɗan kasuwar takalma wanda bai taɓa zama kallon ƙwallo ba, ya ce a ba shi ya gani. Na ce, "Baba, a riƙe ta gefe." Ya riƙe ta gefe kuwa, ya kai shi kusa da taga, ya daɗe yana dubawa, ya ce dogon mutum ne, da gani Bakatsine. Daga hannunsa katin ya zagaya ɗakin, ni kuma idona na kan yatsun kowa saboda mai.

Ana cikin haka kira ya shigo daga yayana. Na ɗauka na buɗe muryar a fili. Yana majalisar bakin titi ta unguwarmu, hayaniya kawai ke tashi, wannan na cewa a miƙo masa wayar, wancan na rantsuwa yana filin ran da mutumin ya kama fenareti biyu a jere. Sai muryar yayana ta fito sama da ta kowa, ya ce ya aika a kira babban ɗan marigayin, ga shi nan tafe a kan babur, kada in kashe waya. Kowa a ɗakin surukaina ya kasa kunne. Muka ji tsayuwar babur, muka ji an ce masa "duba nan", sannan muka ji ya ce, "Kai! Baba ne wallahi. Har da hular."

Khala ta share ido da gefen mayafi, ta jawo tiren shinkafa gabana, ta tsamo ƙaton nama ta ɗora a gefena. Na zura katin a aljihun gaban rigata, na wanke hannu, na ci abinci kamar wanda ya yini a gona.